Idon da Ya Bugu: Ɗayewar Tantanin Gani da Aikin da Likitoci Ke Yi

 A wannan fitowa, shafinmu na lafiya zai yi bayani a kan wata matsalar ido wadda mutane da yawa ba su san da ita ba, ko da yake tana makantar da yara da matasa masu jini a jika. Kowa ya san yanar ido, domin ana ganinta fara a tsakiyar ƙwayar idon tsofaffinmu. Wannan kuwa ba a ganinta daga waje. Mutum zai bugu a ido, kumburi ya saɓe, jan ya washe, kowa ya ce an gode Allah ya warke. Bayan makonni ko watanni sai duhu ya fara rufe idon daga gefe guda. Idan aka kai shi wurin likitan ido da wuri, akwai aikin da zai ceci ganinsa. Idan aka yi jinkiri, ko an yi aikin gani ba ya dawowa yadda yake.

Mene ne tantanin gani?

Ƙwayar ido 'yar ƙarama ce, tsawonta daga gaba zuwa baya kamar milimita 24 ne. Cikinta cike yake da wani ruwa mai kauri, garai-garai, kamar farin ɗanyen ƙwai. A jikin bangon ido ta ciki, can baya, akwai wani tantani a shimfiɗe, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Likitoci suna kiransa ratina, mu kuma a nan za mu kira shi tantanin gani. Shi ne yake karɓar hasken da ya shiga ido, ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ake kira makula. Da wannan ɗan wurin muke karatu, muke zura zare a allura, muke gane fuskar mutum. Sauran tantanin yana ba mu ganin gefe da gefe.

Ku ɗauki tantanin nan kamar yaɓen da ke jikin bangon ɗaki. Muddin yaɓe yana manne da bango, lafiya lau. Amma idan ya tsage, ruwan sama ya sami hanya ya bi ta bayansa, sai ya fara ɗagowa yana ɗayewa. Haka abin yake a cikin ido. Tantanin gani yana samun wani babban kashi na abincinsa daga jijiyoyin jinin da ke bangon ido. Idan ya rabu da bangon, sai ƙwayoyinsa masu karɓar haske su fara mutuwa, waɗanda suka mutu kuma jiki ba ya sake yin wasu.

Yadda rauni yake jawo ɗayewa

Raunin ido iri biyu ne. Na farko shi ne bugu da abin da ba shi da kaifi: naushi, ƙwallo, dutsen danƙo, bakin bulala ko bel, guntun icce lokacin faskare, murfin kwalba, ko ƙahon saniya. Idan irin wannan abu ya sami ido, ƙwayar takan lotsa daga gaba ta buɗe ta gefe cikin ƙiftawar ido. Wannan ruwa mai kauri da ke ciki yana manne sosai da bakin tantanin gani, saboda haka sai ya fizge shi, ya yage shi daga bakinsa ko ya huda shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsagar ruwa yake bi a hankali ya shiga bayan tantanin.

Na biyu shi ne raunin da ya fasa ƙwayar ido: kara, ƙaya, tsinken tsintsiya, waya, gilashin mota, ko ɓarɓashin ƙarfe da ya yi tsalle lokacin da maƙeri ko bakanike yake dukan ƙarfe da guduma. Wannan ya fi muni. Jini yakan zuba a cikin ido, ƙwayoyin cuta su shiga, daga baya kuma tabo ya fito a kan tantanin. Tabon nan yana ƙanƙancewa yana jan tantanin har ya tattare shi kamar tsumma.

Akwai wani rauni kuma da ya kamata mu ambata, wato na masu yawo ƙauye-ƙauye suna ture yanar ido da allura ko tsinke. Ba cire yanar suke yi ba, tura ta suke yi ta faɗa cikin ido. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ture su aka yi ta wannan hanya, kuma yawancinsu ba su sami gani mai kyau ba. Ɗayewar tantanin gani tana cikin abubuwan da ke biyo bayan wannan aiki.

Me ya sa ba ya nunawa nan take?

Nan ne mutane suke ruɗuwa. A idon yaro ko saurayi, ruwan cikin ido yana da kauri ƙwarai, saboda haka yakan tokare tsagar na wani lokaci. Tantanin ya riga ya yage tun ranar da aka bugu, amma ɗayewar tana tafiya sannu a hankali. Tana iya ɗaukar makonni, ko watanni, wani lokaci har fiye da shekara. Ban da haka, tantanin gani ba shi da jijiyar jin zafi, don haka ɗayewarsa ba ta ciwo ko kaɗan. Yaro kuma yana iya ci gaba da wasa da makaranta da ido ɗaya mai lafiya, bai san ɗayan ya daina gani ba. Wani ma ya sani, amma yana tsoron faɗa don kada a tambaye shi inda ya samo rauni.

A cikin mutane gaba ɗaya, kamar mutum 1 cikin 10,000 ne yake samun ɗayewar tantanin gani a shekara. A wurin manya, tsufa da rashin ganin nesa su ne suka fi kawo ta. A wurin yara kuwa, rauni yana kan gaba cikin dalilai.

Alamun da za a kula da su

Duk wanda ya taɓa buguwa a ido, ko da tuni ne, ya lura da waɗannan:

1. Ganin walƙiya a gefen ido, musamman cikin duhu, alhali babu hadari.
2. Ganin baƙaƙen ɗigo da yawa farat ɗaya, kamar ƙudaje, ko toka, ko saƙar gizo-gizo suna yawo a gaban ido.
3. Wata inuwa kamar labule da take tasowa daga sama, ko ƙasa, ko gefe, tana ƙaruwa.
4. Raguwar gani, ko ganin miƙaƙƙen abu ya karkace.

Ga gwajin da kowace uwa za ta iya yi a gida. A rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, a sa yaron ya ƙirga yatsu daga nesa, sa'an nan daga hagu da dama, sama da ƙasa. Sai a rufe ɗayan a sake. Idan akwai bambanci tsakanin idanun biyu, a tafi asibiti. Amma kada wannan gwaji ya hana zuwa wurin likita: duk idon da ya sha bugu mai ƙarfi ya kamata likitan ido ya duba cikinsa, ko da mai shi yana gani sarai.

Abin da za a yi ranar da aka ji rauni

Kada a murza idon, kada a danna shi. Kada a yi ƙoƙarin zare abin da ya soke shi. Kada a ɗiga nonon uwa, ko ruwan ganye, ko ruwan sukari, ko fitsari, kada kuma a sa kwalli. Waɗannan suna shigar da ƙwayoyin cuta, suna lalata idon da za a iya ceta. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis ba da umarnin likita ba. A yanke gindin kofin roba mai tsabta, a kifa shi a kan idon yadda zai zauna a kan ƙashin da ke kewaye, a manne da filasta. Idan ana zaton idon ya fashe, kada a ba mutumin abinci ko ruwa a hanya, domin mai yiwuwa a sa shi barci a yi masa aiki da isarsa. Idon da ya fashe ana so a ɗinke shi cikin awa 24. A gaya wa likita ko an taɓa yi masa allurar tetanus, a kuma faɗa idan yana da sikila, domin jinin da ya taru a idon mai sikila yana bukatar kulawa ta musamman.

Yadda likita yake dubawa

Za a ɗiga magani mai buɗe baƙin ido, a jira kamar rabin awa. Likita zai ɗaura wata fitila a goshinsa, ya riƙe gilashi a hannu, ya leƙa har bakin tantanin yana neman tsaga. Idan jini ya tare hanya, sai a yi amfani da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai ciki da ita amma ƙarama, a ga ko tantanin yana wurinsa. Idan ana zaton ƙarfe ya shiga, za a ɗauki hoto. Maganin buɗe idon yakan sa gani ya dushe na wasu awoyi, saboda haka a je da ɗan rakiya, kada mutum ya tuƙa babur da kansa.

Babbar tambayar da likita yake yi ita ce, ɗayewar ta kai makula ko ba ta kai ba? Idan ba ta kai ba, ana gaggauta aikin cikin kwana ɗaya ko biyu don kada ta kai. Idan ta riga ta kai, har yanzu ana so a yi cikin 'yan kwanaki, domin kowane mako da ya wuce yana rage abin da za a iya dawo da shi. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Ire-iren aikin

Babu ƙwaya, ko allura, ko maganin ɗigawa, ko tabarau da zai mayar da tantanin da ya ɗaye. Sai aiki. Shekaru ɗari da suka wuce, kusan duk wanda ya sami wannan ciwo ya rasa idon ke nan. Wani likita mai suna Jules Gonin, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, shi ne ya nuna a wajajen 1920 cewa tsagar ita ce tushen ciwon, kuma idan aka toshe ta tantanin zai kwanta. Sai a 1929, a taron likitocin ido na duniya a Amsterdam, sauran likitoci suka amince da maganarsa. Duk ayyukan da ake yi yau a kan wannan tushe suke: a nemo tsagar, a toshe ta, a sassauta abin da ke jan tantanin.

Na ɗaya, liƙe tsaga. Idan an yi sa'a an ga tsagar tun ruwa bai shiga bayanta ba, likita zai kewaye ta da hasken leza, ko ya taɓa bangon ido ta waje da wani ƙarfe mai tsananin sanyi. Wannan yana haifar da ɗan tabo da zai manne tantanin da bango, kamar walda. Aikin mintoci ne, mutum ya koma gida a ranar, kuma shi ne mafi arha. Wannan shi ne ribar zuwa da wuri.

Na biyu, ɗamarar silikon. Likita yakan ɗinka wata 'yar roba mai laushi a jikin farin ido ta waje, daidai inda tsagar take, ko ya zagaye ƙwayar idon da ita kamar ɗamara. Robar tana tura bangon ido ciki har ya haɗu da tantanin. Wani lokaci akan tsiyaye ruwan da ya taru a baya. Wani likitan Jamus, Ernst Custodis, ya fara irin wannan aiki a 1949. Robar tana zama a wurin, ba a ganinta daga waje, kuma yawanci ba a cire ta. Wannan aiki yana dacewa ƙwarai da yara da matasa waɗanda bugu ya yaga musu bakin tantani.

Na uku, aikin cikin ido, wanda ake kira bitirektomi. Likita yakan huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido, kowace ba ta kai milimita 1 ba a na'urorin yanzu. Ta ɗaya ruwa ke shiga, ta ɗaya fitila, ta ukun kuma wata 'yar na'ura mai yanka tana tsotsa. Da ita ake kwashe ruwan nan mai kauri tare da jinin da ya zuba, a ɓare tabon da ke jan tantani, a fitar da ƙarfe ko ƙaya idan akwai. Sa'an nan a shimfiɗa tantanin, a liƙe tsagar da leza, a cika idon da iskar gas ko man silikon don ya danne shi har ya kama. Robert Machemer ne ya fara wannan aiki a Miyami ta Amurka a 1970. Shi ake yi wa idon da ya fashe, ko wanda jini ya cika, ko wanda tabo ya tattare.

Akwai kuma hanya ta huɗu, inda ake yin allurar gas kawai a cikin ido a liƙe tsagar, amma wannan sai ga ƙaramar tsaga da ke ta sama, ba kasafai take dacewa da mummunan rauni ba. Likita ne zai zaɓi hanyar da ta dace, wani lokaci ma ya haɗa biyu. Manya akan kashe musu idon da allura, yara kuwa akan sa su barci.

Bayan aiki: rabin aikin yana hannun gida

Idan an sa gas ko mai, likita zai faɗi yadda za a riƙe kai, sau da yawa fuska tana kallon ƙasa, na wasu kwanaki. Dalili shi ne gas da mai suna tasowa sama kamar mai a kan ruwa, saboda haka sai an juya kai yadda za su danne daidai wurin tsagar. Abin yana da gajiyarwa. Mutum zai iya kwanciya rubda ciki a tabarma da matashi a ƙirji da goshi, ko ya zauna ya kifa kai a kan tebur, yana ɗan hutawa kamar yadda aka umarta. A nan ne yake bukatar mai kawo masa abinci da mai ɗebe masa kewa.

Gas yana narkewa da kansa. Wani iri yakan ɗauki kamar mako 2, wani har wata 2, kuma muddin yana ciki gani zai kasance dishi-dishi. A wannan lokaci an hana shiga jirgin sama, domin gas ɗin yana kumbura idan aka yi sama, ya matse jijiyar gani. Hawan tudu mai tsawo ma yana iya yin haka. Kano ba ta kai mita 500 daga bakin teku ba, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200, tsaunin Mambila ya fi haka. Saboda haka 'yan'uwanmu na kan tudu su gaya wa likita inda za su koma tun kafin a yi aikin. Idan kuma wata tiyata ta taso, a sanar da mai sa barci cewa akwai gas a idon.

Man silikon ba ya narkewa. Yawanci sai an koma an cire shi bayan wata 3 zuwa 6. Idan aka bar shi ba kulawa, yana iya ta da hawan jinin ido ko ya lalata baƙin ido. Don haka tun farko a tambayi kuɗin aikin biyu, da na magani, da na komawa.

A ɗiga magani a kan lokaci da hannu mai tsabta. A guji ƙura, hayaƙin murhu, ɗaukar kaya mai nauyi, da aikin gona har sai likita ya ba da izini. Idan ciwo ya tsananta, ko amai ya zo, ko ido ya fara ruwa ko mugunya, ko labulen nan ya dawo, a koma a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Me za a sa rai?

Idan ɗayewar ba ta da rikici, kamar mutum 8 zuwa 9 cikin 10 tantaninsu yakan kwanta da aiki ɗaya. Idon da ya fashe, ko wanda ya daɗe, sa'arsa ba ta kai haka ba, kuma yakan bukaci aiki biyu ko uku, domin tabo yana iya sake fitowa a watannin farko. Ya kamata a gane cewa kwanciyar tantani daban, dawowar gani daban. Wanda aka yi wa aiki kafin ɗayewar ta kai makula yakan riƙe ganinsa. Wanda ya makara zai iya samun ganin da zai kai shi kasuwa da coci, amma ba na karatu ba. Ko wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Gani yakan ci gaba da gyaruwa har watanni. Yana kuma takan fito a idon da aka yi wa aikin ciki, amma ita ana cire ta daga baya.

Ina za a je?

Ba kowane asibitin ido ne yake yin aikin tantanin gani ba, domin yana bukatar likita mai horo na musamman da na'urori masu tsada. A fara da asibitin ido mafi kusa, a roƙi a buɗe idon a duba bayansa, a kuma karɓi takardar turawa. A arewacin Nijeriya, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano wanda mishan ɗin SIM ta kafa a 1943, da manyan asibitocin koyarwa, suna cikin wuraren da ake tura masu matsalar ido mai wuya. Kafin a kama hanya, ma'aikacin lafiya ya yi waya ya tabbatar likitan tantanin gani yana nan, don kada a ɓata kwanaki da kuɗin mota.

Aikin da ke gabanmu

Abin da ya fi cinye idanun mutanenmu a wannan ciwo shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana neman kuɗi, ana jiran a sayar da akuya ko a yi girbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace ikkilisiya da kwamitin raya ƙauye su ware ɗan asusun gaggawa, ko da na kuɗin mota ne, wanda za a iya fitarwa a rana ɗaya ba sai an jira taron wata ba. A taimaki kowa da shi, Kirista da Musulmi, gama ido ba shi da addini. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin ziyara da abinci a kwanakin kifa kai. Mu yi wa marar lafiya addu'a, mu kuma sa shi a mota. Biyun ba sa gaba da juna.

Rigakafi kuma ya fi magani. Iyaye da malamai, a daina kai bulala kusa da fuskar yaro. A hana yara harbin juna da danƙo da kibiyar kara, a kuma kula da su lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara saboda abubuwan fashewa na wasa. Maƙera, kanikawa, masu walda da masu fasa dutse su sa tabarau na kariya. Wanda ido ɗaya ya rage masa, shi ya fi kowa bukatar wannan. Tsofaffinmu masu yana kuma a kai su asibiti, kada a miƙa su ga masu turewa.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan shafi a taron matasa, da na mata, da na iyayen yara a makaranta, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji. Idan kun san wani da ya bugu a ido a 'yan watannin nan ba a duba shi ba, ku neme shi a wannan mako. Allah ya kiyaye mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.